Kwamfutoci 17,000 da makiyayin da aka manta

A ranar 31 ga Oktoban 2007, wani Bafaranshe mai suna François Bancilhon, shugaban kamfanin Mandriva da ke birnin Paris, ya wallafa buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Steve Ballmer, wanda ke riƙe da ragamar Microsoft a wancan lokaci. Wasiƙar ba ta da tsawo, amma cike take da ɗaci. Abin da ya jawo ta kuwa ba a Paris ya faru ba, ba kuma a Amurka ba. A Najeriya ne, a kan wasu ƙananan kwamfutoci 17,000 da aka yi cinikinsu domin ƴan makaranta.

Ni malamin makaranta ne a Damana, can cikin Dallol Boso tsakanin Balleyara da Filinge, kuma ko ɗaya daga cikin waɗannan na'urori ba ta iso mana ba. Duk da haka ina ganin labarin namu ne, domin duk wata kwamfuta da na taɓa gani a makaranta, ko a ofishin magajin gari, ko a shagon buga takardu na yankinmu, tambayar da aka tsallake a 2007 ita ce ke kashe ta.

Bari in fara da abin da aka yi faɗan a kansa. Kwamfuta ƙarfe ce da roba, ba ta san komai ba sai an zuba mata wata babbar manhaja wadda ke tashe ta, ta haɗa allo da madannai da ma'ajiya da firinta, sannan ta ba sauran manhajoji wurin zama. Masu gyara a Yamai sistem suke ce mata. Ni uwar manhaja nake kiranta, domin a bayanta ake goya sauran. Windows ita ce wadda kowa ya sani. Linux kuwa wata ce daban, wadda ba ta da ubangida guda: kowa na iya ɗauka, ya gyara, ya raba ba tare da biyan lasisi ba. Mandriva ɗaya ne daga cikin kamfanonin da ke shirya Linux su sayar da hidimarta.

A shekarun nan duniya ta ɗauki zafi a kan kwamfutar yara. A farkon 2005 wani malamin jami'a Ba'amurke, Nicholas Negroponte, ya shelanta cewa zai ƙera kwamfutar dala 100 (dalar Amurka nake nufi, ba tamu ta tamma biyar ba) domin yaran ƙasashe matalauta. A watan Nuwamban shekarar aka nuna samfurinta a Tunis gaban Kofi Annan. Gwamnatin Obasanjo na cikin waɗanda aka ce za su sayi miliyan guda, aka kuma gwada na'urar a wata firamare da ke Galadima, bayan garin Abuja. Waccan kwamfuta Linux ke cikinta, kuma ƙwaƙwalwarta ba ta kamfanin Intel ba ce. Ruwa ba ya tsami banza. Nan da nan Intel ya fito da tasa mai suna Classmate, ya gwada ta a wata ƙaramar sakandare da ke Jabi. Microsoft shi ma, a Afrilun 2007, Bill Gates ya tsaya a Beijing ya ce gwamnatin da za ta saya wa ɗalibai kwamfuta za a ba ta Windows da Office a kan dala 3. Kayan da ake sayarwa ɗaruruwan daloli a Turai, ga shi an mayar da su kuɗin goro. Ba tausayi ba ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da ya koyi kwamfuta a kan Windows, idan ya zama darakta Windows zai sa hannu a saya.

Cikin wannan yanayi aka ƙulla cinikin Classmate 17,000, ta hannun wani kamfanin Najeriya mai suna Technology Support Center, aka kuma zaɓi Mandriva ta zama uwar manhajarsu. An gwada, an amince, har an fara jigilar kaya. Sai kwatsam, in ji Bancilhon, aka sanar da su cewa za a biya su kuɗinsu cif kamar yadda aka yi alkawari, amma da zarar na'urorin sun iso za a goge Mandriva a zuba Windows. Ka sayi abu, ka biya, ka zubar, ka sake sayen wani. Shi ya sa ya rubuta wa Ballmer yana tambayarsa, cikin gatse, me ya yi wa mutanen nan har suka sauya ra'ayi. Microsoft ya amsa cewa yana bin dokokin ƙasashen da yake aiki a cikinsu, kuma abokin ciniki na da ƴancin zaɓi. Bayan ƴan kwanaki jaridun fasaha suka ruwaito cewa ana tattauna wata yarjejeniya da za ta ba kamfanin na Najeriya dala 400,000 na tallata na'urorin idan an mayar da su Windows. A makon ne kuma asusun USPF, na hukumar sadarwar Najeriya, wanda shi ke biyan kuɗin 11,000 daga cikin na'urorin, ya fito ya ce shi dai Mandriva zai bari.

Magoya bayan Linux a faɗin duniya suka yi ta murna, wai ƙaramin kamfani ya kayar da ƙato a ƙasar baƙar fata. Na sha karanta abin da aka rubuta a kan wannan rigima, kuma abin da ke ba ni mamaki har yau shi ne yadda kowa ya tsaya a kan ranar farko. Wace manhaja za a zuba? Nawa ne lasisi? Wa ya ci riba? Amma kwamfuta 17,000 da aka watsa a makarantu daga wannan jiha zuwa waccan, wa zai sabunta su bayan wata shida? Idan talatin suka ƙi tashi a makaranta guda, wa za a kira, kuma da wane kuɗin mota zai zo? Kowace na'ura ƙwaƙwalwar aikinta megabait 256 ce, ma'ajiyarta gigabait 2, wato ƙasa da abin da ƙaramin katin waya ke ɗauka yau. Idan ta cika, wa zai share? Shugaban Najeriya na lokacin, Umaru Musa Ƴar'aduwa, tsohon malamin makaranta ne, kuma duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san cewa kayan makaranta ba ranar rabo suke mutuwa ba, a zango na biyu suke mutuwa.

Mu mutanen Kurfai da Tondikanje mun san wannan darasi ta wata hanya. Wanda ke da tunkiya ɗaya a gida, ɗaure ta kawai zai yi ya zuba mata dusa. Wanda ke da garke kuwa dole ya san adadinsa, ya yi masa shaida, ya san ranar allura, ya ware mai ciwo kafin ta shafa wa saura. Wanda ya taɓa shiga gandun kiwon Tukunus, inda ake renon shanun Azawak, ya ga yadda kowace saniya ke da lambarta da tarihinta a rubuce. Manyan ma'aikatun duniya sai da suka sha wuya kafin su gane cewa kwamfutocinsu garke ne, kuma tarihin yadda suka koyi kiwon ya fi tarihin Windows ɗin kanta amfani a gare mu.

Lokacin da Windows 95 ta fito, a cikin faya-fayan filofi 13 take zuwa ga wanda ba shi da na'urar CD. Ma'aikaci ya zauna gaban kwamfuta yana cire wannan yana sa wancan, ya gama ya matsa ta gaba. Banki mai kwamfuta dubu, lissafa da kanka. Sai wata manhaja mai suna Ghost ta bayyana daga ƙasar Niyu Zilan, kamfanin Symantec ya saye ta a 1998. Dabarar mai sauƙi ce: ka shirya kwamfuta ɗaya tsaf, da duk manhajojin da ofis ke bukata, ka ɗauki hotonta gaba ɗaya, ka buga shi a kan saura, kamar yadda mai bulo ke fitar da bulo dubu daga akwati ɗaya. Daga nan duk kwamfutocin gida suka zama iri ɗaya, wanda ya iya gyara guda ya iya gyara duka. Windows 2000 ta zo da mataki na gaba, wato rajista guda da ke ɗauke da sunan kowane ma'aikaci da kowace na'ura, da kuma dokokin da mai kula zai rubuta sau ɗaya su hau kan kowa: wane ba zai iya zuba sabuwar manhaja ba, kalmar sirri za ta canza bayan kwana kaza, wannan sashe ga firintarsa. A watan Agustan 2003 wata ƙwayar cuta mai suna Blaster ta ratsa duniya tana kashe kwamfutoci tana tayarwa. Wata biyu bayan haka Microsoft ya tsayar da ranar allura: Talata ta biyu ta kowane wata zai riƙa fitar da gyare-gyaren tsaro, domin masu kula su san ranar shiri. A 2005 kuma ya ba su hanyar da na'ura ɗaya a cikin gida za ta sauko da gyaran, a gwada shi a kan ƴan kaɗan, in bai ɓata komai ba a raba wa saura cikin dare.

Duk wannan gini a kan duwatsu uku yake zaune: wuta wadda ba ta ɗaukewa, layin sadarwa mai haɗa na'urorin, da mutum mai albashi wanda ba shi da wani aiki sai wannan. Windows ta iso mana, duwatsun uku suka tsaya a can.

Intanet ta shigo Nijar a ƙarshen shekarun 1990 ta hannun Sonitel, kuma mafi yawan tsarana a gidajen sibar na Yamai muka fara taɓa linzamin kwamfuta, muna biyan kuɗin awa, rabinta na tafiya wajen jiran shafi ya buɗe. A makarantar horon malamai an koya mana yadda ake shirya darasi da yadda ake cika rajistar aji, kwamfuta kuwa sai wadda muke hangowa ta taga a ofishin darakta, an lulluɓe ta da zane saboda ƙura. Windows XP, wadda ta fito a Oktoban 2001, ita ce ta zama Windows ɗinmu. Ba ta da cin ƙwaƙwalwa, tana tashi a kan kowace tsohuwar na'ura, kuma faifanta na kwafi yana aljihun kowane mai gyara. Bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, da aka kafa ofisoshin magajin gari a karkara, kwamfutoci suka fara bin hanyar Filinge: wannan daga wani shiri na masu ba da agaji, waccan kyautar wani ɗan gari da ke ci-rani, wata kuma an saya a kasuwa. Babu biyu da suka yi kama.

Yawancinsu kuma ƴan Kwatano ne. Nan ne tarihinmu ya haɗu da na manyan ofisoshin Turai, ta ƙofar baya. Kamfani a Faransa ko Beljiyam ko Jamus yakan riƙe kwamfuta ƴan shekaru, idan lokacin sauya uwar manhaja ya yi sai ya kwashe garken gaba ɗaya ya sayar wa dillalai, su cika kwantena, ta sauka a Kwatano ko Lome ko Legas, daga nan mota ta hauro da ita. Shi ya sa za ka ga kwamfuta a Damana da tambarin kadarar wani asibiti ko kamfanin inshora har yanzu manne a gefenta. Na taɓa ganin wadda ta tashi tana neman a shiga da sunan ma'aikaci a wata rajista da ke nisan kilomita dubbai, tana jiran umarnin makiyayin da ya riga ya sayar da ita. Wata madannanta na Faransanci, wata na Ingilishi, wata na Jamusanci inda Z da Y suka yi musayar wuri. Abin da ke kasuwarmu a kowace shekara, jadawalin wasu ne ya yanke shi.

To yaya muka yi kiwon? Da kalma ɗaya: formate. Kwamfuta ta yi nauyi, a formate. Ta kamu da cuta, a formate. Firinta ta ƙi magana da ita, a formate. Ma'ana a goge komai a sake zuba XP daga faifan kwafi, a kashe sabuntawa don kada Microsoft ya gane lasisin ba na gaskiya ba ne ya fara damun mutum da gargaɗi. Wato allurar da aka tsara domin kare garken, mu da hannunmu muke rufe mata ƙofa. Masu sibar sun fi kowa wayo. Da yawansu sun yi amfani da Deep Freeze, manhajar da ke mayar da kwamfuta yadda take da safe duk lokacin da aka kashe aka kunna, komai ɓarnar da abokan ciniki suka yi. A ganina wannan ce dabarar kiwo mafi dacewa da ƙasarmu da aka taɓa yi, kuma ba wata ma'aikata ce ta koyar da ita ba, ƴan kasuwa ne da asara ta koya wa hankali.

A ofisoshi da makarantu kuwa cuta ba ta layi take shigowa ba, tunda babu layin. A aljihu take zuwa. Kile, wato abin da ƴan Najeriya ke kira filashi, shi ne jakadanmu: da shi ake kai jerin sunayen ɗalibai, da shi ake karɓo takardar umarni, da shi ake zuwa shagon buga takardu. XP kuma tana da wata ɗabi'a ta buɗe duk abin da aka soka mata ba tare da tambaya ba, ɗabi'ar da Microsoft bai toshe ta ga kile ba sai a 2011, kuma toshewar ta hanyar sabuntawa ta zo, wadda mu mun riga mun kashe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kowane malami a nan ya san cutar nan mai ɓoye fayiloli ta bar maka inuwarsu, ka danna ba abin da zai buɗe. Na ga wani abokin aiki da jerin masu rubuta jarrabawar BEPC ya ɓace masa ana saura kwana biyu a rufe karɓa. Fayilolin suna nan, ɓoye su kawai aka yi, amma mai gyaran da ya kai wa bai san wani magani ba sai wanda ya saba. An formate. Ya kwana biyu yana sake bugawa daga takardun haihuwa, kuma duk harafin da ya kuskure a sunan yaro, yaron ne zai yi shekaru yana yawon gyara shi a kan takardar shaidarsa. Idan kuwa na'urar ce ta ƙi tashi gaba ɗaya, sai a naɗe ta da bargo a ɗora a mota zuwa Filinge ko Yamai, ofis ya koma biro da takarda har ta dawo, in ta dawo.

Ranar 8 ga Afrilun 2014 Microsoft ya daina yi wa XP gyara. Gwamnatin Birtaniya, da ba ta gama sauya nata garken ba, ta biya fam miliyan 5.5 domin a ƙara mata shekara guda. A nan babu wanda ya ji a jikinsa. Mai shan magani ne ke jin an rufe kantin magani. Abin da muka gani kawai shi ne kasuwa ta cika da kwamfutoci masu araha.

Shekara uku bayan haka, ranar 12 ga Mayun 2017, cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, tana neman kuɗin fansa. Asibitocin gwamnati na Ingila suka soke ganin likita kusan 19,000, aka juya motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa wasu wurare. Da farko kowa ya ɗora laifin a kan tsohuwar XP. Da aka bincika sai aka tarar mafi yawan waɗanda suka kamu Windows 7 ce a cikinsu, wadda a lokacin tana da rai, kuma maganin ramin da cutar ta bi ya fito tun watan Maris. Wata biyu allura na ajiye ba a yi ba. Wannan ya nuna cewa ko a ƙasar da ke da wuta da layi da kuɗi, dutse na uku idan ya yi rauni tukunya kifewa take. Mu kuwa rashin layi ne ya kare yawancinmu, kariyar da ba abin alfahari ba ce, kuma tana ƙarewa a duk ranar da aka haɗa kwamfutar ofis da intanet ɗin wayar sakatare.

Akwai abokaina masu cewa da tun farko Linux muka kama, da duk wannan bai same mu ba. Ina tare da su rabin hanya. Gaskiya ne cutar kile ba ta cin Linux, gaskiya ne tana tafiya a kan tsohuwar na'ura, kuma babu fargabar lasisi. Amma a duba waɗanda suka gwada. Jandarmomin Faransa, waɗanda namu suka gaji suna da tsari daga gare su, ba su fara da uwar manhaja ba. A 2005 suka sauya manhajar rubutu da lissafi zuwa OpenOffice, suna nan a kan Windows. Bayan shekara suka sauya manhajar shiga intanet zuwa Firefox. Sai a 2008, da hannun kowa ya saba, suka yanke shawarar komawa Ubuntu, wani nau'in Linux, kuma a hankali, duk sabuwar na'urar da aka saya ta zo da ita, har dubun-dubatar kwamfutocinsu suka koma. Jandarma da yawa bai ma lura an canza masa komai ba, tunda abin da yake dannawa kullum yana nan. Suna da ƙungiyarsu ta ƙwararru a cikin gida, kuma gida ne da idan an ba da umarni ake bi. Birnin Munich na Jamus kuwa ya yanke tasa shawarar a 2003, duk da cewa Ballmer da kansa ya je ya ga magajin garin, Christian Ude, da tayin rangwame. Shekara goma aikin ya ci kafin a mayar da kwamfutoci kusan 15,000. A 2017 sabuwar majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows, a 2020 wata majalisar ta sake karkata ga manhajojin da ba na kulle ba. Manhaja iri ɗaya, sakamako biyu. Bambancin yana wajen masu riƙo da kuma siyasar gidan.

Su kuma na'urorin 2007, ko wanne ɓangare ya ci, ƙarshen ɗaya ne. XP ta mutu a 2014. Kamfanin Mandriva ya karye aka rufe shi a 2015. Yaron da aka miƙa wa Classmate yana ajin farko na sakandare, kafin ya gama jami'a duka iyayen biyu da aka yi faɗa a kansu sun kwanta dama. Haihuwar guzuma, ɗa kwance uwa kwance.

Yanzu ga wani zagayen ya zo. Windows 7 ta bi sahu a Janairun 2020, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoban 2025. Wannan karon akwai sabon abu. A da, tsohuwar na'ura takan karɓi sabuwar Windows ko da tana nishi. Windows 11, wadda ta fito a 2021, tana da sharaɗi: sai na'ura na da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma ƙwaƙwalwarta ba ta girmi ƙirar wajajen 2018 ba. Kwamfuta lafiyayya, mai sauri, wadda za ta yi wa ofishin magajin gari aiki shekara goma, an ce ba ta cancanta ba. Kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta cewa na'urori kusan miliyan 240 ne wannan sharaɗi zai iya mayarwa shara. Mun san inda wani kaso na wannan shara zai sauka, kuma mun san za mu yi murna da shi, domin zai fi duk abin da muka taɓa samu kyau da araha. Wanda ke son a ci gaba da yi wa Windows 10 ɗinsa allura, kamfani zai biya dala 61 kan kowace na'ura a shekarar farko, kuɗin na ninkawa kowace shekara har uku. Makarantu an yi musu dala 1, sannan 2, sannan 4, farashi mai kyau ga makarantar da ke da lasisin gaskiya da yarjejeniya da Microsoft da katin biya ta intanet. Masu gyara a Yamai tuni sun koyi dabarar tsallake sharaɗin su cusa Windows 11 a kan na'urar da ba ta cika shi ba, duk da Microsoft ya ce irin wannan na'ura ba ta da tabbacin samun gyara.

Ko da lasisin ya samu, sauran duwatsun fa? Sabuwar Windows ba ta yarda a kashe mata sabuntawa cikin sauƙi kamar XP. Da ta ji intanet sai ta fara sauko da kaya masu nauyi, ta cinye kuɗin datar da malami ya saya domin aika rahoto, sannan ta rubuta a allo cewa kada a kashe na'ura. Wannan umarni an rubuta shi ne domin ƙasar da wuta ke jin magana. A Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke layin da ke ba Nijar kusan kashi 70 cikin 100 na wutarta, aka yi watanni ana rabon kuran awa-awa har a Yamai. Mu da muka dogara da farantin hasken rana da batirin da ya gaji, kowace rana haka take. Kwamfutar da wuta ta yanke mata tana tsakiyar sabuntawa, sau da yawa bargo da mota ne makomarta.

Na san za a ce a jihar Tilaberi, inda rashin tsaro ya rufe ɗaruruwan makarantu, maganar uwar manhaja maganar ƙoshi ce. Ban musa ba. Sai dai yaran da suka gudo daga garuruwansu, takardar haihuwa da sunansu a jerin ɗalibai su ne abin da ke mayar da su aji a inda suka sauka, kuma waɗannan a cikin irin kwamfutocin nan suke zaune, babu kwafi a ko'ina.

Akwai kuma wani aiki da ke tafe wanda zai gwada mu. Kundin da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar, wadda aka tsayar tun 1999, tana da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, Zabarmanci kuma, wanda shi ne harshen mafi yawan ɗalibaina a gida, yana da nasa haruffan irin su ŋ. Babu ko ɗaya a kan madannan Faransanci da ke ofisoshinmu. Windows na da tsarin madannai na Hausa a cikinta, amma a kan jerin Ingilishi aka gina shi, idan ka kunna shi a kan namu sai ka danna A ta ba ka Q. A ma'aikatar da ke da rajista da makiyayi, wannan aikin yamma ɗaya ne: a shirya tsarin madannai da ya dace, a gwada a kan na'ura biyar, a rubuta doka guda, da safe kowa ya tarar da ƙugiyoyinsa. A wurinmu sai wani ya hau babur da kile a aljihu, ya bi su ɗaya bayan ɗaya daga Damana zuwa Bonkuku zuwa Filinge, wannan XP, waccan 7, waccan 10, kuma duk wadda aka formate bayan tafiyarsa ta koma yadda take. Kafin a samu wanda za a ba wannan aiki da kuɗin mansa, firintocinmu za su ci gaba da fitar da harshen ƙasa a matsayin harshen kasa.